Mun Fassara Fim, Saura Doka: Abin Da 'Yan Kallo Suka Ce A Tambuwal Da Kebbe

A hutun da ya gabata na je gida Tambuwal, kamar yadda na saba duk lokacin da jami'a ta ba mu sarari. Wata ranar Alhamis bayan sallar isha'i wani ƙanena ya matsa mini sai na raka shi gidan kallo, wai akwai fim ɗin Indiya da aka ɗora wa muryar Hausa wanda ya kamata in gani, tunda kullum ina yi musu gorin ba su san komai ba sai rawa da faɗa. Na bi shi ba don ina so ba. Rumfar kwano ce da bencina, janareto na ruri a waje, cike take da samari, sai 'yan dattawa kaɗan da suka saba zuwa don ƙwallo. Fim ɗin ya kusa awa uku, babu rawar da aka saba gani, babu jarumin da ke kayar da mutum ashirin da hannu ɗaya, amma ban ga wanda ya tashi ba har aka gama. Da aka fito sai gardama ta koma teburin mai shayi, ba a watse ba sai da dare ya raba.

Sunan fim ɗin Jai Bhim. An yi shi da harshen Tamil a 2021, T. J. Gnanavel ya ba da umarni, jarumi Suriya ya fito a matsayin lauya. Labarin wani talaka ne mai suna Rajakannu, ɗan wata ƙabila da ake raina wa, wadda sana'arta kama macizai da ɓeraye a gonakin masu hali. An kira shi ya kama maciji a gidan wani babban mutum, bayan nan aka nemi kayan zinare aka rasa. 'Yan sanda ba su same shi a gida ba, sai suka kwashe matarsa mai ciki da 'yan uwansa, daga baya suka kama shi, suka yi ta azabtar da su don su amsa laifin da ba su yi ba. Can sai aka wayi gari suna cewa ya tsere daga hannunsu. Matar, Sengeni, ba ta yarda ba. Wata malamar yaƙi da jahilci ta kai ta wurin lauya Chandru, shi kuma ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Madras yana neman a tilasta wa 'yan sanda su fito da mutumin, irin ƙarar da lauyoyi ke kira habiyas kofus da harshen Latin. A gaban kotu aka bi diddigi har ta bayyana cewa a caji ofis ya mutu, aka yar da gawarsa a bakin hanya.

Labarin yana da tushe. A 1993 wani mutum mai suna Rajakannu ya mutu a hannun 'yan sanda a gundumar Cuddalore ta jihar Tamil Nadu, matarsa Parvathi ta bi kadinsa, lauyan da ya tsaya mata kuwa shi ne K. Chandru, wanda daga baya ya zama alƙalin Babbar Kotun Madras daga 2006 zuwa 2013. Sunan fim ɗin kirari ne da ake yi wa Dakta Bhimrao Ambedkar, mutumin da ya fito daga jinsin da ake ƙyama a Indiya, ya kuma shugabanci kwamitin da ya tsara kundin mulkin ƙasar wanda ya fara aiki a 1950.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganganun da na ji a daren nan, da waɗanda na ji bayan kwana biyu a Kebbe inda na je gaisuwar rasuwa, na tarar can ma fim ɗin ya zaga wayoyin mutane. Ra'ayoyin sun rabu huɗu, kuma kowane ɗaya yana nuna yadda mutanenmu ke kallon kotu.

Na farko na samari ne, su ne kuma masu rinjaye. Su lauyan suka gani. Sun yi ta maimaita yadda ya tsare ɗan sanda da tambaya har gumi ya keto masa, da yadda ba ya karɓar ko sisi daga talaka. Wani ɗan acaba ya ce mini, “Malam, da muna da irin wanga lauya guda ɗaya tak a Sakkwato, da talaka ya huta.” Kowa ya amsa masa. Na biyu na wani dattijo ne mai sayar da hatsi, wanda ya saurare su har suka gaji sannan ya kurɓi shayinsa ya ce, “Yara, wanga duk fim na. Tun da nike ban taɓa ganin talaka ya kai hukuma ƙara ya ci ba. In an zalunce ka, bar wa Allah.” Ya ba da labarin wani ɗan'uwansa da aka taɓa tsarewa kwana tara a wani caji ofis saboda ana neman ɗansa ba a samu ba, sai da aka sayar da raguna biyu sannan ya fito, kuma ba wanda ya ko yi tunanin akwai inda za a kai kuka.

Na uku a Kebbe na ji shi, kuma shi ya fi damuna. Mai maganar magidanci ne daga wani ƙauye da ɓarayin daji suka taɓa shiga. Ya ce, “Dakta, kai kana birni. Mu da muka ga abin da muka gani, mun san in ba a taɓa jikin ɓarawo ko infoma ba, ba shi hwaɗin gaskiya. 'Yan sandan fim ɗin kuskuren mutum suka yi, amma dukan ba laifi ba ne.” Ba a rasa masu gyaɗa masa kai ba. Na huɗu kuwa daga cikin gida ya fito. Wata gwaggona da jikokinta suka nuna mata fim ɗin a waya ta ce mini, “Ɗana, ni ba lauyan nig gani ba, matar nig gani. Manya sun kira ta sun aje mata kuɗi ta janye ƙara, ga ciki, ga ɗiya, ga talauci, ta ce ba ta so.”

Bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, in fara da samari. Ba laifinsu ba ne da suka ga lauya kaɗai, haka aka gina fim ɗin. Fim ɗin kotu, na Indiya ko na Amurka, yana bukatar jarumi guda da zai miƙe ya yi jawabi mai ratsa zuciya, shaida ya ruɗe, a yanke hukunci kafin a kashe janareto. Kotun gaske ba haka take ba. Wanda ya taɓa zama a babbar kotu a Sakkwato ya san mafi yawan aikin takarda ne: lauya ya miƙa rubutaccen bayani, alƙali ya rubuta, a sa rana. Babu mutum goma sha biyun nan da ake gani a finafinan Amurka suna yanke wa wanda ake tuhuma hukunci, domin tsarinmu bai tanade su ba. Shari'ar Rajakannu ta gaske ma ta haura shekara goma kafin a kai ƙarshen hukunta waɗanda suka kashe shi. Haka nan a ƙasarmu, matasa shidan nan na Apo da aka kashe a Abuja a watan Yunin 2005, sai a watan Maris na 2017 babbar kotun birnin tarayya ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ta sallami uku. Haɗarin fim irin wannan shi ne saurayi ya fita da tunanin cewa adalci sai an samu gwarzo, tunda kuwa bai ga gwarzo a garinsu ba, sai ya naɗe hannu. Alhali ko a cikin fim ɗin, in an lura, abubuwan da suka karya 'yan sanda ƙanana ne: bin sawun wata waya da aka ce wanda ya tsere ne ya bugo, rahoton likitan da ya duba gawa, sawun tayar mota, da saɓanin da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da aka faɗa. Wannan aikin haƙuri ne da kowane lauya mai kishi zai iya.

Dattijo mai hatsi yana da rabin gaskiya, kuma ba zan raina ta ba. Alƙaluman da Hukumar Gidajen Gyaran Hali ke fitarwa sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Lauyoyi sun taru a babban birnin jiha, daga Tambuwal zuwa Sakkwato kuwa tafiyar kilomita kusan 100 ce, daga ƙauyukan Kebbe ta fi haka, ga kuɗin mota, ga gona an bari. Amma cewa talaka bai taɓa cin shari'a ba, tarihin jiharmu bai goyi bayan Baba ba. A watan Oktoban 2001 wata kotun shari'ar Musulunci a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jifa. Matar ƙauye ce, ba kuɗi, ba boko. Lauyoyi suka ɗaukaka mata ƙara, a watan Maris na 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Sakkwato ta soke hukuncin ta sallame ta. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan shari'a, ta nuna cewa akwai matakala, kuma wanda ya hau ta yakan kai.

Abin da Baba bai sani ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa, shi ne tsare ɗan'uwansa da aka yi a madadin ɗansa haramun ne a doka. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama wani a maimakon wanda ake nema, haka ma sashe na 7 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta Tarayya ta 2015. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce duk wanda aka kama dole a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, in ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Sashen ya ƙara da cewa wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Ƙarar da Chandru ya shigar ma muna da irinta. Sashe na 46 ya ba kowa damar zuwa babbar kotu a jihar da aka take masa haƙƙi, ƙa'idojin da Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya sa wa hannu a 2009 kuma sun sauƙaƙa hanyar: wani na iya shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare, har ya yi masa takardar rantsuwa, kuma tsufan magana ba ya kashe ta. Ga wanda ba shi da kuɗin lauya akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995.

Akwai abin lura a nan. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal lauya ne ya wakilce ta a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, wato Aminu Waziri Tambuwal. Yana Kakakin Majalisa aka zartar da dokar 2015 da na ambata, yana gwamna Sakkwato ta yi tata a 2019. Ban kawo wannan don yabo ko suka ba. Na kawo ne don a ga cewa dokokin nan ba daga wata uwa duniya suka faɗo ba, amma duk da haka a rumfar da ke cike da mutanen wannan mazaɓa ban samu ko ɗaya da ya san da su ba. Sun san yadda ake gaida alƙali a Madras, ba su san abin da sashe na 35 ya ba su ba.

Sai maganar mutumin Kebbe. Ban yi masa gardama nan take ba, domin wanda bai kwana a daji da iyalinsa ba bai kamata ya yi saurin yi wa wanda ya kwana wa'azi ba. Amma amsarsa tana cikin fim ɗin da ya kalla. Ya ce kuskuren mutum aka yi, duka ba laifi ba ne. To, ai dukan ne ya haifi kuskuren. Wanda ya dogara da sanda ba ya wahalar da kansa da bincike, wanda ake duka kuwa abin da zai tsayar da sandar yake faɗa, ko gaskiya ko ƙarya. A fim ɗin ɓarawon zinaren na gaske yana nan yana yawonsa yayin da ake karya ƙasusuwan mai kama maciji. Haka abin yake a wurinmu: duk ranar da aka kama baƙo ko makiyayi ko wani mara gata aka doke shi har ya amsa cewa shi infoma ne, infoman gaskiya yana kasuwa yana sauraro, an kuma ƙara wa gari abokan gaba daga dangin wanda aka zalunta. Duk wanda ya bi tarihin rikicin Zamfara, maƙwabciyar Kebbe, ya san irin rawar da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya ta taka wajen hura wutar da har yau ba ta mutu ba.

Doka ma ta rufe wannan ƙofa. Sashe na 34 na kundin mulki ya haramta azabtarwa, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya aikata, sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa. Ma'ana, ɗan sandan da ya doki ɓarawon gaske har ya amsa laifi yana iya zama shi ne ya buɗe masa hanyar kuɓuta a gaban alƙali. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Shehu. Jumhurin malaman fiƙihu ba su karɓi iƙirarin wanda aka tilasta wa ba, kuma ƙa'idar da kowane ɗalibin zaure ya sani ita ce kawo hujja yana kan mai da'awa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki zaluncin mahukunta da cin hanci a Kitabul Farƙi, ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya yi bayanin ladubban mulki da alƙalanci a Liya'ul Hukkami. Bai dace jikokin waɗannan mutane su koyi ƙyamar azabtarwa daga fim ɗin Tamil ba.

Cikin duk waɗanda na saurara, gwaggona da ba ta yi boko ba ita ta fi kowa fahimtar fim ɗin. Da Sengeni ta karɓi kuɗi, da lauya ba shi da shari'a. Da malamar yaƙi da jahilci ba ta san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba, da Sengeni ta ƙare a bakin caji ofis tana kuka. Irin matar nan muna da su da yawa. Kowane gari akwai uwa ko mata da ke safa da marwa da kwanon abinci zuwa inda aka tsare nata. Abin da muka rasa shi ne malamar, wato mutum na tsakiya wanda ya san inda ake zuwa, yake kuma jin harshen mai kuka. Wannan gurbi namu ne, mu da muka yi karatu.

Saboda haka ina da shawarwari da ba su bukatar kasafin kuɗi. Ɗaliban shari'a na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran makarantu, waɗanda ke dawowa hutu Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Kuchi, su nemi iznin masu gidajen kallo, duk ranar da aka nuna fim irin wannan a ba su minti goma su gaya wa jama'a abin da dokarmu ta ce. Ƙungiyar lauyoyi reshen Sakkwato ta nemi fili a Gidan Rediyon Rima da sauran tashoshi, a riƙa ɗaukar sashe ɗaya kowane mako ana warware shi da Hausar kasuwa. Fassarar da nake nufi ke nan, wadda za ta shiga kunne, domin ta takarda ko an yi ta a kabad take kwana. Malaman makarantun boko da na Islamiyya su koya wa iyaye abu mai sauƙi: in an kama naka, ka rubuta rana da lokaci da wurin da aka kai shi da sunayen waɗanda suka gani, domin da irin wannan lauya ke aiki. Masu shirya finafinanmu na Hausa kuma su tuna cewa kotu ba baƙuwa ba ce a wasanninmu. Iyayenmu sun kalli Kuliya Manta Sabo daga Kano, mu a nan mun tashi da Idon Matambayi na gidan talabijin na Sakkwato. Abin da ya rage shi ne a yi mana fim ɗin da zai nuna kotun Nijeriya yadda take, da jinkirinta da ƙofofinta, a nemi lauya ya duba labarin kafin a ɗauka.

Ni ma ban fita daga zargi ba. Shekara da shekaru ina koyarwa, amma sai da fim ɗin wata ƙasa ya tayar da gardama a garinmu sannan na gane cewa ban taɓa zama da mutanen unguwarmu na karanta musu ko sashe ɗaya na kundin da ake mulkinsu da shi ba. Kafin in koma bakin aiki na ɗauki murya ta minti huɗu a wayata, na faɗi abin da sashe na 35 ya ƙunsa da Hausa, na tura wa ƙanena ya yaɗa. Da na je yi wa dattijo mai hatsi sallama a rumfarsa, na kunna masa ya saurara har ƙarshe. Bai ce ya sauya ra'ayi ba. Ya dai miƙo mini 'yar wayarsa ya ce, “Malam, sa mini ita nan ciki, ko don yara.”